Jirgin Baba Manu

Har yau idan na ji warin dafaffiyar kwalta sai in tuna ranar da aka turo jirgin Baba Manu rumfarmu. Lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, ni kuma ina kafinta mai mataki na biyu a wata ma'aikatar gyaran jiragen katako da ke bakin tafki. Ina da takardar shaidar koyon sana'a, ina da farar riga mai aljihu biyu, kuma zuciyata tana Wara, wajen Hajara.

Hajara ɗiyar Baba Manu ce, wani Basarke masunci. Ranar kasuwa take kawo busasshen kifi. In ta sauko daga jirgi, ni dai gani nake har ruwan tafkin ya ƙara haske. Na aika sau biyu neman izinin turo magabatana, tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da ya ce kawai, bai san hannuna ba tukuna.

Shi da kansa yake gyaran jirginsa, bai taɓa kai shi wurin ma'aikata ba. Hajara ce ta lallashe shi ya kawo mana, don in samu in nuna kaina.

Ga yadda aikin yake, don waɗanda ba su sani ba. Akan jawo jirgi tudu ya bushe, a kankare tsohuwar kwalta, a sake ƙusoshin da suka yi tsatsa. Sai a cusa auduga tsakanin katako da katako, ana tura ta da wani ƙarfe da ake kira kurfi ana bugawa da guduma, a bi da kwalta mai zafi. Mai mataki na biyu ba ya sallamar jirgi sai shugaban rumfa ya duba. Namu shugaban Maigida Ɗanjuma ne.

Da na kankare, sai na ga abin da tsohon ya cusa tsakanin katako sako-sako ne, tsumma ne ma, yatsa kan shiga wani wurin. Na yi dariya a raina. Na fitar da shi duka, na dinga dukan auduga har tsinin allura ba zai wuce ba.

Maigida ya zo ya shafa, ya ce, "Ya yi kyau. Ka tambayi mai shi abin da ya sa ya bar nashi sako-sako?"

Na ce, "Maigida, aikin gida ne kawai."

Ya ce, "To, malam mai takarda."

Aka mai da jirgi ruwa. Ko ɗigo bai shiga ba. Hajara ta dube ni ta gefen mayafi, na koma gida kamar ba ƙasa nake takawa ba.

Kwana uku sai ga saƙo daga Wara, in zo. Na tarar da jirgin kife a kan yashi, katakon gindi ya tsage kamu guda. Allah ya taimaka a bakin gaɓa abin ya faru. Da na gani, na tabbata na rasa Hajara.

Baba Manu ya ce, "Zamna, ɗana. Kwana nawa jirgin ga ya yi bisa tudu?"

"Tara, Baba."

"Cikin zafin bazara. Katako ya bushe ya tsuke. In ya koma ruwa mi zai yi?"

"Zai kumbura."

"To ina ka bar mishi wurin kumbura?"

Abin da na ɗauka sakaci ne, ashe wuri ne ya bar wa itace. Sabon gyara a wurin masunta yakan yi yoyo kwana biyu, a yi ta kwalfewa, sannan ya rufe kansa.

Na nemi hutun kwana uku wurin Maigida, ya ba ni yana dariya. Muka sake katakon, ni da tsohon. Ya riƙa kama hannuna yana nuna mini inda zan tsai da guduma. Ni kuma na nuna masa ƙusoshi shida da suka ruɓe daga ciki, waɗanda ido ba ya gani sai an ƙwanƙwasa an saurara. Ya jinjina kai ya ce, "Wannan kam ban sani ba."

Rana ta uku muka tura jirgi. Ruwa ya fara tsattsafowa, na ɗauki ƙwarya ina kwalfewa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga murya wajen gida: "Ku gaya ma innar Hajara, baƙi na zuwa daga Yauri ran Juma'a."

Na yi shekaru ina shugabancin rumfar bayan Maigida. Duk jirgin da aka kawo, ban yarda a sa masa kurfi ba sai an zaunar da mai shi an tambaye shi yadda yake yi da dalilinsa. Mu mun san katako, shi ya san jirginsa. Ku da kuke aikin yanzu, ku riƙa tambaya.