Baba Isufu mai duban tarwaɗa ya tafi bai bari an duba shi ba

Ina cikin buɗe gidan abinci da safen nan Inna Zara ta bugo mini. Mijinta, Baba Isufu, ya rasu bayan asuba a Dakusa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Tun ɗazu nake son in rubuta abu mai daɗi a kansa, amma gaskiya haushinsa nake ji. Ku yi mini uzuri.

Ga waɗanda ba su san shi ba, aminin marigayi babana ne, tsohon ma'aikacin gandun daji, ɓangaren kifi. Tun da ya yi retret ya ajiye aikin gwamnati, duk mai tarwaɗa daga Zango har Takieta, in ya ga abin da bai gane ba, shi yake kira.

Ni akwatin gilashi gare ni a gidan abincina, da tarwaɗa a ciki don ado. Masu cin abinci sukan nuna babbar, su ce a yi musu farfesunta. In Baba yana wurin sai ya harare su har su mayar da ido kan tuwonsu.

Kiran Baba kuwa sai mai haƙuri. Hankalinki a tashe, shi kuma sai ya ja kujera, ya ce a kawo shayi, ya ƙura wa gilashin ido. Can sai tambayoyi. Yaushe ta daina ci? Ruwan famfo ne ko na 'yan garuwa? An ɗauke wuta jiya? Wa ya wanke gilashin, kuma da me?

Kiran farko da na yi masa, ce masa na yi duk za su mutu, sai tasowa suke suna haɗiyar iska. Ya zauna ya kalle su har abincin rana ya nuna, sannan ya ce lafiyarsu ƙalau, halin tarwaɗa ke nan. Ya ci shinkafata ya tafi.

Wani karon gashin bakinsu ya fara guntulewa, ga fari-fari a jiki. Ashe javel ɗin da muka wanke gilashin da shi ne, ruwan maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta. A gaban mutane ya yi mini faɗa kamar 'yar lakwal a gaban malaminta.

Kuma ba ya tashi sai ya ba da labarin kakansa. Wai farkon zuwan Nasara Damagaram, akwai wani kumandan da ya sa aka gina masa ɗan tafki a bayan gida, aka zuba tarwaɗa. Kakan Baba aka kama aikin dole, shi ke ɗauko ruwa a ka, a garin da mutane ma ruwan bai ishe su ba. Ranar da kifi ya taso ciki sama, bayansa ke shan bulala. Dole ta koya masa gane ciwo tun kafin ya bayyana, shi kuma ya koya wa jikansa.

Na haddace labarin nan. In na ce, Baba ai na sani, sai ya koma farko.

Amma shi ne dai, lokacin da aka yi ta kwanaki ba ruwa a unguwarmu, ya ɗauro bido na ruwan rijiya a kabu-kabu ya kawo wa kifina ba tare da na roƙa ba. Da na fara godiya ya ce ba ni ya kawo wa ba.

Makon jiya babbar tarwaɗata ta tsaya a tsaye cikin ruwa, kai sama wutsiya ƙasa, ciki a kumbure, ta ƙi abinci. Na kira shi, ya zo.

Tun daga ƙofa na ga ba lafiya. Ya take bayan takalminsa saboda ƙafafun sun kumbura, kuma tsakanin ƙofa da kujera sai da ya dafa bango ya huta. Na ce masa, Baba, asibiti. Ko kallona bai yi ba. Ya shinshina ruwan, ya ce ma'aikatana suna jefa mata ragowar shinkafa mai mai, ruwan ya ɓaci. A ware ta, a bar ta da yunwa, a rage ruwan a ƙara wanda ya kwana, a sa ɗan gishiri kaɗan.

Na ce na ji, saura kai. Ya ce gajiya ce da zafi.

Na fita na tsayar da ɗan kabu-kabu ya kai mu wurin likita. Kafin in ɗauko mayafi, Baba ya sallame shi. Raina ya ɓaci, na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mutum ya iya ganin ciwo a jikin kifi, ya kasa ganin ƙafarsa?

Sai ya yi dariya, yana haki.

"Ɗiyata, ita ba ta magana, shi ya sa nake yi mata. Ni ina da bakina. In abin ya kai, zan faɗa."

Da ƙyar ya yi mini alkawarin Litinin. Na bugo wa Inna Zara, ta ce ita ta gaji da magana, maganin tansiyonsa na hawan jini yana nan kan taga ko buɗe shi bai yi ba.

Ranar Litinin na je gidansa da sassafe. Ba ya nan. Wai wani a Dakusa kifinsa na mutuwa a tafki, ya aiko a ɗauke shi. Na kira shi ina faɗa, ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni ko babbar ta sauka ƙasa. Na ce ba maganar kifi nake ba. Ya ce to in ya dawo, ya kashe waya.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ta sauka, Baba. Jiya ma ta ci abinci. Ka yi gaskiya kamar kullum, wannan ma haushi yake ba ni.

Yanzun nan wani ya aiko mini da ta'aziyya, a ƙarƙashinta kuma bidiyon tarwaɗarsa tana goga jiki da dutse, wai me nake ganin Baba zai ce. Ban sani ba, bawan Allah. Ko gawar ba ta iso gari ba.

Na rufe gidan abinci yau, zan tafi wurin Inna Zara. Duk mai tsoho mai taurin kai a gida, kar ya tsaya jiran Litinin. Ya ɗauke shi yau, ko zai yi fushi.

Allah Ya jiƙan Baba Isufu, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya ba Inna Zara da 'ya'yansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni ma ku sa ni, Allah Ya cire mini wannan haushin, don har yanzu ji nake da zan gan shi, sai na fara yi masa faɗa kafin in yi kuka.