Hatimin Barnabé

A unguwarmu ta kafintoci, Saint-Antoine a Paris, babu mai zana furen wardi a kan teburin rubutu kamar Barnabé Fouache. Sai ya yanka katako fale-fale kamar ɓawon albasa, ya tsoma gefen kowanne a yashi mai zafi don ya ɗan ƙone ya ba da inuwa, sannan ya jera da gam. Matan fada su zo suna shafa teburin suna lumshe ido, alhali rabinsu ko wasiƙar kirki ba su iya rubutawa ba.

To amma a dokar ƙungiyarmu ta kafintoci, mai shago kaɗai ke buga hatimin sunansa a ƙarƙashin tebur. Mai shagon kuwa tsoho Gorju ne, wanda aikinsa bai wuce shan miya da zagi ba. Shekara ashirin Barnabé na yin tebur, Gorju na buga suna. Abin ya tsaya wa Barnabé a rai, ba ya son komai a duniya sai ya ga sunansa a jikin aikinsa.

Da Gorju ya mutu, Barnabé bai yi wata-wata ba ya auri matarsa Perrine, don a wurinmu mai auren matar marigayi shi ke hawa kan shago. Washegari ya kawo maganar sabon hatimi.

"Wa ya san ka, tsohon tuzuru?" in ji Perrine. "Sunan Gorju ake saye. Ɗauki guduma."

Haka ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana buga sunan matacce. Gorju dai ya fi aiki a kabari fiye da yana raye.

Sai da Perrine ta bi mijinta na fari lahira aka ƙera wa Barnabé hatimi. A lokacin hannu ya fara rawa, ido ya dushe. Teburin da ke jiran hatimi a shagon, ni Mathurin, ma'aikacinsa, na yi shi tun daga ƙafa har fure.

Ya sa muka kife shi. Ya ɗora ƙarfen hatimin, ƙarfe ya ƙi tsayawa.

"Riƙe min, Mathurin," ya ce a hankali.

Haushi ya kama ni, tausayi kuma ya fi shi ƙarfi. Na riƙe, ya buga. Shi ke nan tebur ɗaya tak mai sunan Barnabé, kuma ko fure ɗaya bai yanka a ciki ba.