Na Tare Wa 'Yan Dubiya Zaure

Har gobe akwai gidaje a unguwarmu ta Limancin Kona da idan na yi sallama sai an ja lokaci kafin a amsa mini. Na san dalili. Ni ne mutumin da ya zauna a zaurensa ya kori 'yan dubiya lokacin da matarsa take kwance. Haka ake ba da labarin, a tsaya nan, ba mai faɗin abin da na gani da idona, na kuma shaƙa da hancina.

Wajen ƙarshen mulkin soja ne, lokacin wahalar man fetur. An riga an cire wa uwar 'ya'yana nonon hagu saboda ciwon daji, ɗinkin ya warke, sai likita ya ce saura gashi. Wani inji ne a cikin ɗaki mai kaurin bango. A kwantar da ita, kowa ya fice, injin ya haska mata ƙirji na ɗan lokaci, a ce ta tashi sai gobe. An zana mata layuka da tawada a ƙirji don su riƙa gane wurin, aka ce kada ta kuskura su goge. Ban da sabulu, ban da mai, ban da hoda, ban da susa. Ni karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, sana'ata ɗinkin hannu ce ta manyan riguna, amma wannan dai na fahimta, don ba wani abu mai wuya ba ne.

Da farko ba mu ga komai ba. Har na ce mata anya ba wasa ake mana da hankali ba, mu sha cunkoson tasi tun daga Babban Dodo har asibiti, mu yi ta jira a kan benci, don kawai a kunna mata fitila. Sai da aka yi nisa abin ya nuna kansa. Fatar ta yi baƙi kamar gindin tukunya, ta bushe, ta fara ƙaiƙayi. Ina kallonta tana danne hannunta a ƙarƙashin cinya don kada ta sosa. Daga baya ta fara saɓulewa a hammata da ƙasan tabon, jan nama ya fito yana tsatsafo da wani ruwa mai ƙarni. Ga bazara, ga ba wuta, ga ƙuda. Abinci ba ya wuce mata sai koko, shi ma tana haɗiya tana runtse ido. Gajiya kuwa, idan ta je bayi ta dawo sai ka ce tun daga unguwar Tukur-Tukur ta tako da ƙafa.

Wata nas da ke kula da masu zuwa gashi ta duba wurin ta ce, "Maigida, an kusa gamawa, saura kaɗan. Amma fatar nan ta kai maƙura. A bar ta ta sha iska, a sa riga mai laushi ko ma kada a sa. Idan ta ƙara lalacewa likita zai dakatar, kuma dakatarwa a wannan gaɓar ba alheri ba ne."

To ina iskar take? Tun hantsi mata suke fara shigowa. Dangina, danginta, maƙwabta, matan da ko sunan 'ya'yanmu ba su zo ba. Ita kuma ba za ta taɓa yarda surukanta su same ta ba a kintse ba. Da ta ji sallama za ta miƙe ta sa riga ta atamfa mai kauri, ta cusa tsumma a gefen da babu, ta ɗaura kallabi, ta yafa mayafi. Ta zauna tana gumi a ciki. A ce, "Ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi." Wata ta shigo, "Ya jiki?" "Da sauƙi." Ƙarya take yi, su ma sun sani. Da yamma idan sun watse sai na jiƙa rigar da ruwan da aka tafasa ya huce kafin ta rabu da naman, tana cije leɓe.

Kuma kada wani ya ce mini duk don Allah suke zuwa. Akwai na Allah, ba na musu. Amma da yawa kallo ya kawo su. Bakinsu yana sannu, idonsu yana kan ƙirjinta, suna neman gane wane gefen ne. Na taɓa jin wata daga tsakar gida tana cewa, "Ɗan buɗe mana mu gani mana, ai duk mata ne." Wata ta zauna a bakin gadonta ta kwashe labarin ƙanwar mijinta da ta yi irin wannan ciwo, yadda ta kumbura, yadda ta yi wari, yadda aka kasa yi mata wanka. Ta gama ta sha kunun da aka dama wa marar lafiya, ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Sai Goggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ce ta rage mana a manya. Tsohuwa ce mai hannu a kowace haihuwa da kowane wanka a gidanmu, ba a yi mata musu. Tun farko ba ta yarda da gashin ba. Cewa take, "Mutum da ransa a riƙa babbaka shi kamar kan rago." Ranar wata Juma'a ina masallaci ta shigo da haɗinta. Ban sani ba. Uwar 'ya'yana ba ta faɗa mini ba, ta ce mini kawai kada in taɓa wurin yau, yana mata zafi. Asabar ma haka. Ba a gashi ƙarshen mako, don haka ba wanda ya duba.

Wari ne ya tona. Na shiga ɗakin da safiyar Lahadi na ji wani abu kamar an manta nama a kwano. Na ce ta cire riga. Ta fara kuka. A ƙarƙashin rigar an naɗe ta tamau da wani tsohon zane, a ƙarƙashin zanen ganye, a ƙarƙashin ganyen man shanu ne da aka kwaɓa da garin sassaƙe da toka. Duk ya narke ya haɗe da ruwan ciwon ya zama wani kore-kore. Layukan tawadar sun tafi. Da nake wankewa na riƙa ganin wasu jajayen ɓarɓashi manne a naman, na ce wannan kuma mene ne. Ta ce Goggo ce ta yi mata tofi, da goro a bakinta.

Na fita bayan ɗaki na yi amai. Na dawo na ce, "Ke yanzu da hankalinki kika zauna aka tofa miki goro a ɗanyen nama?"

Ta ce, "Malam, Goggo ce fa. In ce mata me?"

"Ki ce mata a'a."

"Kai ka taɓa ce mata a'a?"

Na ci gaba da wanke ciwon.

Ranar Litinin likita ya duba, bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini. Ya ce wurin ya kama ƙwayar cuta, an dakatar da gashi sai fatar ta kama, kuma sai an sake awo an sake zane. Ya ce idan aka daɗe ba a koma ba, wahalar da ta sha a baya za ta rage amfani. Aka ba ta ƙwayoyi da shuɗin maganin nan na gyambo. A tasi muna dawowa duk ramin da aka faɗa sai ta kama hannun kujera.

Gidanmu na gado ne, an raba, sashena yana da ƙaramin zaurensa inda nake aiki. Na ɗauko wata tsohuwar 'yar sharata da ta sha wanki har ta yi laushi kamar auduga, na farke gefen hagu, na ce wannan za ta riƙa sawa, in zafi ya yi ta cire. Na jawo tabarmata na shimfiɗa ta a gicciye a bakin ƙofar shiga, na baza rigar da nake wa aiki, na zauna. Duk wadda ta yi sallama in amsa, in ce, "Tana barci. An gode, za a faɗa mata." Wasu su juya. Wasu su tsaya suna kallona kamar na tsiro ƙaho. Wata ta ce, "To ko leƙawa?" Na ce, "Ko leƙawa." Ta ajiye lemon da ta kawo, ta yi tunani, ta ɗauke abinta.

Goggo ta zo da sandarta da wani ƙullin a gefen zane. Ta ce, "Kai, janye ƙafarka."

Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na ce, "Goggo, yau ba shiga."

"Ni? A gidan yayana? Ni na yanke maka cibiya, ɗan nan."

"Na sani, Goggo. Addu'arki muna so. Ki yi ta daga nan, Allah yana ji. Amma hannu da yawu ba za su sake taɓa wurin nan ba."

Ta ce ashe boko ɗan kaɗan ya fi hauka illa. Ta ce ubana bai taɓa rufe ƙofa ga baƙo ba har ya koma ga Allah. Ta ce idan yarinyar mutane ta mutu a ɗaki ita kaɗai kamar akuya, in shirya abin da zan gaya wa danginta. Ta tafi tana faɗa har ƙarshen lungu, tana tsayawa a kowace ƙofa.

Da la'asar yayana ya zo, Alhaji, ma'aikacin gwamnati ne a wani ofis can Kongo. Bai ko zauna ba. Ya ce, "Ka san abin da ake faɗa a kanka? Cewa ake ka ɓoye ta ne don ta ruɓe. Wasu na cewa ka sa mata rigar maza. Ka zubar mana da mutunci a unguwa."

Na ce, "Yaya Alhaji, ka shiga ka wanke mata ciwon sau ɗaya, sai mu yi maganar mutunci."

Ya toshe hanci da hankici tun ba a je ko'ina ba, ya ce ni dama tun ina yaro ba ni da ladabi.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce marar lafiyar. Tana jin muryoyinsu daga ɗaki. Ta ce, "Malam, za ka raba ni da mutane. Kai namiji ne, kana da majalisa, kana da kasuwa. Ni in na tashi wa zan shiga gidansa? Wa zai zo bikin 'ya'yana?" Na ce ta fara tashin tukuna. Ta juya mini baya, ta daina mini magana sai dole. Amma tana zaune ƙirji a buɗe, ina yi mata fifita ina korar ƙuda, kuma a hankali ruwan ya tsaya, warin ya ragu, wata siririyar fata mai sheƙi ta fara rufe jan naman daga gefe.

Aka sake zane, aka koma gashi. Ragowar sun fi na baya zafi, hannunta ma ya ƙage ba ya ɗaguwa sosai, amma fatar ta riƙe har aka gama. Ranar ƙarshe nas ɗin ta ce mata, "Mama, kin yi ƙoƙari," ta gargaɗe mu cewa ƙunar za ta ɗan ƙaru kafin ta lafa, kada mu tsorata.

Muka dawo gida. Na naɗe tabarmar na jingine ta, na bar ƙofa a buɗe. Ba wanda ya zo. Labari ya kai ko'ina cewa an gama, amma ko mace ɗaya ba ta leƙo ta ce barka ba. Tana zaune a bakin gado, duk takun da ta ji a lungu sai ta ɗaga kai, ya wuce. Haka aka yi kwanaki. Abincin da ta fara ci ta sake ture shi.

Rannan ta ce, "Za ka je gidan Goggo ka durƙusa."

Na ce, "Ban yi laifi ba."

"Ban ce ka yi ba. Idan ba ta tako gidan nan ba, ba wadda za ta tako. Ni na sha nawa, kai ma je ka sha naka."

Na je. Na same ta a tsakar gida da mata kewaye da ita, ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi tsami. Can ta gatsa goro ta ce, "Yaya 'yar tawa?"

Na ce, "An gama, Goggo. Fatar ta rufe."

Ta juya wajen matan ta ce, "Kun ji ko? Na gaya muku. Haɗin nan sai ya fara zuƙo dafin waje, ya yi ruwa, ya yi wari, sannan wuri ya kame. Sau ɗaya tak na sa mata. Da ɗan nan bai yi mini rashin kunya ba ai da ko komawa wajen masu babbakar ba za a yi ba." Sai ta dube ni. "Ko ba haka ba?"

Matan duk sun zuba mini ido. Na tuna wadda na baro a bakin gado tana sauraron lungu. Na ce, "Haka ne, Goggo."

Washegari tun hantsi suka cika gidan.