Layin Gawayi

Har yanzu idan aka buga ƙofa da tafin hannu sai in duba ko an sa sakata. A ɗakin ƙanwar Mma muke kwana yanzu, a Maamobi, kayanmu ɗaure a buhuna bayan labule. Zaune nake a kan bokiti kife ina rubuta wannan.

Gidan da muka bari yana unguwar Nima, a nan Accra, ba nisa da babban gota, kwatar da ke kwashe ruwan unguwa. Gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon tsakar gida ɗaya. A ɗakinmu na can aka haife ni, a cikinsa Baaba, mahaifina, ya rasu. Mma, mahaifiyata, koko da ƙosai take sayarwa a bakin lungu, kuma duk mai shan kokonta ya san ƙofarmu. Ba mu da wani wuri a duniya in ban da ɗakin nan.

A sakandare na fara ganin na'ura mai tafiya da kanta. Malamin kimiyya ne ya kawo wata 'yar ƙarama, ya ajiye ta a ƙasa, ta bi baƙin layi kamar tana da hankali. Na gama makaranta, ci gaba da karatu bai samu ba, na dawo ina taya Mma tace gasara da wanke kofuna. Amma abin bai fita daga kaina ba. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a Accra New Town da yake barina in tona kwandon tarkacensa. A can na samo ƙananan injuna masu juyawa daga cikin matattun na'urori, da wayoyi, da ƙarfen narka dalma wanda sai an ɗaure shi da tsumma kafin a riƙe. Sauran na koya a waya, duk lokacin da na samu data.

Na daɗe ina ƙona yatsu kafin abu ya tashi. Jikinsa robar cin abinci ce da na kife, tayoyinsa murafen gwangwanin madara ne, na zagaye su da robar ɗaure gashi don kada su yi santsi. Batirin tsohuwar waya na naɗe da baƙin salatif na manna a bayansa. A ƙasan hancinsa akwai idanu biyu ƙanana masu kallon ƙasa, su ne suke rarrabe baƙi da fari. Idan idon dama ya ga baƙi sai ya karkata dama, idan na hagu ne sai hagu, idan layi ya ƙare sai ya tsaya. Iyakar wayonsa ke nan. Mma ce ta sa masa suna Kunkuru.

"Ke, ɗauke kunkurunki daga ƙarƙashin ƙafata kafin in yi miya da shi," haka take cewa, tana dariya.

In ban da ita babu wanda ya taɓa ganinsa a gidan. Kunya nake ji. Sa'o'ina suna ɗinki, suna kitso, wasu suna goyo, ni kuwa ina tsugune da robar cin abinci.

Ɗakinmu ba shi da fili. Gado ya cinye rabi, tukwane sun cinye saura. Kunkuru yana yin taku kaɗan sai ya ci karo da buhun gero. Ina so in ga ya yi tafiya mai tsawo, ya sha kwana, ya dawo. Salatif ba ya kama simintin tsakar gida saboda ƙura da laima, sai na tuna da buhun gawayin Mma. Gawayi baƙi ne ƙirin, siminti kuma ya yi fari da rana.

Bayan azahar gidan yakan zama shiru, kowa yana kasuwa ko yana kwance. Na ɗauki guntun gawayi na ja layi mai kauri daga ƙofarmu, ya bi gefen famfo, ya wuce ta gaban ɗakunan maƙwabta, ya zagayo. Na ajiye Kunkuru, na danna maɓallin kunna shi. Ya bi. Wallahi ya bi har ƙarshe, yana 'yar karkarwa a kwana, bai sauka ko sau ɗaya ba. Na toshe bakina da hijabi don kada in yi ihu.

Ina cikin haka na ji ƙarar ƙofar waje. Na sure shi na cusa a ƙarƙashin hijabina. Hajiya ce, maƙwabciyarmu mai sayar da shinkafa a Kasuwar Malam Atta, ta dawo da wuri. Tsohuwa ce mai jiki, mai son tsokana. Tun da na gyara mata tocila take kirana Injiniya. Sai da ta tsallaka layin, ƙafa ɗaya a cikin ɗakinta, sannan ta waiwayo ta kalli ƙasa.

"Injiniya, wa ya yi wannan zane a ƙofata?"

"Ni ce, Hajiya. Wasa nake yi."

"Ƙatuwa da ke? Mijinki zai sha fama. Me kika ɓoye a ciki, ko cikin ne ya fito?"

Na yi dariya na ruga ɗaki. Daga baya na fito da tsintsiya na share, amma gawayi yana shiga ramukan siminti, inuwarsa ta zauna.

Ba a daɗe ba ƙafar Hajiya ta fara kumbura. Ta dama, wadda ta fara tsallakawa da ita. Ta kumbura har fata tana ƙyalli, wani ƙurji ya fashe a babban yatsa ya ƙi warkewa. Ta daina zuwa kasuwa. Na kai mata koko, ta karɓa ta gode, amma da na fito na ga ta miƙa wa jikarta ta zubar a gota.

Duk wanda ya tashi a zango ya san abin da ake cewa idan ƙafa ta kumbura haka: an ajiye maka abu a hanya ka tsallaka. Ni ma na sani, tun ina yarinya ake hana mu tsallaka zare ko toka ko ƙwai a mararraba. Sai dai ranar da nake jan layin, idanun Kunkuru kawai nake tunani.

Mata suka rage gaishe mu a bakin famfo. Idan na fito sai hira ta mutu. Wata da ke ɗakin kusa da bayan gida ta ce ta leƙo ta taga ranar, ta gan ni durƙushe ina magana da wani abu, da Hajiya ta shigo kuma na ɓoye shi. Ba ta yi ƙarya ba. Nakan yi masa magana.

Wata safiya, Mma ta dawo daga sayar da koko da rabin tukunya bai ƙare ba, sai aka buga ƙofarmu da tafin hannu har ƙyauren ya girgiza. Ɗan Hajiya ne, wanda yake lodin motoci a tashar Tudu, da abokansa biyu. Bayansu tsakar gida ta cika, har da mutanen lungu da ban san su ba.

"Ina yarinyar? Ya fito da abin da ya ɓoye!" Hausarmu ta Nima ba ta cika raba mace da namiji ba, amma kowa ya san da wa yake.

Mma ta tare ƙofa da jikinta. "Ɗana, bi a hankali. Uwarka yayata ce, tare muka yi wankan jegon matarka."

"Mma, matsa. Ina ganin girmanki. Ƙafar tsohuwata tana ruɓewa, kina ce mini bi a hankali?"

Wani daga baya ya yi magana da Turanci da yaren Twi a haɗe, ya ce a fito da ni su koya mini hankali. Na taɓa ganin yadda ake yi wa wanda aka kira ɓarawo a bakin titi. Na koma na zauna a bakin gado.

Alhaji mai gidan ne ya tsayar da su. Dattijo ne mutumin Nijar, fataucin albasa ya kawo shi Accra tun kafin a haifi Mma, kuma har yau Hausarsa cikakkiya ce, ba irin tamu ba. Aka kawo masa kujera, ya zauna a tsakiya, ya ce in fito da abin. Na fito da shi a hannu biyu. Sai a lokacin na gan shi da idon mutane: roba kife, wayoyi ja da baƙi sun fito kamar hanji, robar gashin mace a ƙafafunsa, ga wani ƙullin baƙi a bayansa sak laya.

"'Yata, kada ki ji tsoro," in ji Alhaji. "Mene ne wannan? Faɗa mini da bakinki."

Da na faɗi sunansa na Turanci, wataƙila da samarin sun gane, sun gani a waya. Amma da Alhaji nake magana, kuma ban so in yi wa dattijo Turanci a gaban jama'a. Na tuna kalmar da na ji masu labarai na Hausa suna kiran irin waɗannan na'urori da ita. Na daɗe ina jin daɗin kalmar, ina ganin ashe mu ma muna da sunan abin.

Na ce, "Baba, mutum-mutumi ne."

Fuskarsa ta sauya. Ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin kujera.

"Mutum-mutumi? Na wa?"

"Nawa ne, Baba, ni na haɗa shi."

"Na ce siffar wa kika yi?"

Sannan na gane. A garinsu, mutum-mutumi shi ne abin da ake ƙullawa da siffar wanda ake so a cutar, a kira sunansa a kai. Wata tsohuwa ta fara salati da ƙarfi. Na shiga bayani, batir, idanu, baƙi da fari, makaranta, kalmomin suna karo da juna a bakina. Na ce su bari in nuna musu, su gani da idonsu cewa inji ne kawai.

Na ajiye shi a ƙasa na danna. Niyyata ya ɗan juya tayoyi a ga batir ne ke aiki. Na manta da inuwar gawayin da ta rage a siminti. Idanunsa suka kama ta. Ya miƙe, ya bi gefen famfo, mutane suna tsalle suna ba shi hanya, yara suna ihu. Ya sha kwana. Ya tafi kai tsaye zuwa ƙofar Hajiya, inda ruwan wanke ƙafarta ya goge layin. Layi ya ƙare, ya tsaya. Hancinsa yana kallon cikin ɗakin, inda take kwance.

Sai kukan Hajiya daga ciki: "Wayyo, me na yi miki, Injiniya?"

Ɗanta ya taka shi da takalmi, ya sake takawa. Wani ya ja hijabina ta baya har wuyana ya shaƙe. Mma ta faɗo a kaina ta rufe ni da jikinta, mari biyu da aka nufo ni da su a bayanta suka sauka. Alhaji yana buga sanda a ƙasa yana cewa babu mai zubar da jini a gidansa. Da ƙyar aka tura mu ɗaki, muka sa sakata. Ta taga na ga an zuba wa tarkacen kananzir an cinna. Batirin ya fashe da ƙara, aka watse da gudu, wannan ma aka ce shaida ce.

Daga baya aka kai Hajiya asibiti. Likita ya ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikinta, kuma an yanke yatsan. Na ɗauka wannan zai wanke ni. Matan gidan suka ce ai dole likita ya kira shi da wani suna.

Alhaji ya aiko aka kira Mma. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shi bai ce na yi ba, bai ce ban yi ba, Allah ne masani. Amma masu haya sun ce ko mu ko su, kuma ba zai iya kwana a ƙofarmu yana gadi ba. Mma ta durƙusa, ta tuna masa da Baaba, ta ce a ɗakinmu aka yi wa gawarsa wanka. Ya kau da kai ya ce ya sani, shi ya ja sallar. Ya ba mu zuwa ƙarshen wata.

Ba mu kai ƙarshen watan ba. Koko yana dawowa kamar yadda ya fita. Muka kwashe kaya a kan kura da tsakar rana, babu wanda ya kama mana ko tabarma.

Ragowar injuna da wayoyina suna cikin leda a ƙasan buhun tufafi. Ban buɗe ba. Dattijo mai gyaran rediyo ya aiko a tambayi lafiyata, ban amsa ba, don ban san ta wace hanya zan bi zuwa can ba tare da na haɗu da ɗan Nima ba. Labarin ya riga mu isowa Maamobi. Ƙanwar Mma tana da kirki, amma mijinta ya fara tambayar yaushe za mu samu wuri.

Rannan muna tace gasara, mu biyu kawai, Mma ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ke, tsakaninki da Allah. Me ya sa ya tsaya a ƙofarta?"

Na ce, "Mma, layi ne ya ƙare."

Ta ce, "To."

Ta ci gaba da tacewa. Da za ta fita, ta ɗaure bakin buhun gawayi da igiya, ta ja shi zuwa gefen da take kwana.