Taimamar Laminu

Ranar Talata ce. Ƙarfe biyar da rabi na safe Laminu ya tashe ni da ƙarar cokali a cikin kofi, kamar yadda ya saba. Shayinsa kauri gare shi, sukari kuwa kamar da gayya yake zubawa. Muka sha a zaune a kan matakalar mota, muna kallon sojoji suna ɗaure takalma. Ya ciro hoton 'yarsa Nafisa daga bayan madubi, ya goge da hannun riga, ya mayar. Wai haƙorinta na gaba ya fita, uwarta ce ta gaya masa a waya.

Laminu mutumin Maraɗi ne, ni kuma Bakano. A Greensboro ta Amurka muka haɗu, a wani sito da ke kan titin Wendover, shekara huɗu muna loda kwalaye tare. Ina tsokanarsa da cewa rabin Hausarsa Faransanci ce, shi kuma ya ce Bakano ko gaisuwa zai yi sai ya duba me zai samu. Da aka mamaye Iraƙi, wani kamfani ya zo neman direbobin manyan motoci masu kai wa sojoji kaya. Ni na fara sa hannu. Ni na ja shi. Mota ɗaya aka haɗa mu. Mu ba sojoji ba ne, ba a ba mu bindiga ba. Hular ƙarfe aka ba mu da wata riga mai nauyi, a kafaɗarta da bayanta an liƙa wani ƙyalle. An ce da ƙyallen nan jirgin da ke sama yake gane nasa.

Jirgin ba shi da matuƙi a ciki. Masu tuƙa shi suna can wani wuri a zaune a ɗaki mai sanyi, suna kallonmu a talabijin. Ba mu cika ganinsa ba, jinsa muke yi, kamar injin markaɗe a unguwa mai nisa. An gaya mana shi ne mai gadinmu. Mun yarda, har barci mukan ji idan yana gurnani a kanmu.

Ƙarfe bakwai muka fita daga sansani. Motocin kaya a jere, motocin soja uku suna rakiya, ɗaya a gaba, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya. Sajan ɗin motar gaba ɗan Summerfield ne, can arewa da Greensboro. Tun ranar da ya ji inda muka fito yake kiranmu maƙwabta. Ya ɗaga mana hannu da muka wuce ƙofa.

Ƙarfe goma da wani abu muka faɗa wani rami, jarkar ruwanmu ta kife a bayan kujera, murfin ya fita. Kafin Laminu ya kai hannu ta tsiyaye. Saura gora biyu a aljihun ƙofa.

Ƙarfe ɗaya da minti goma aka tsayar da mu. Rediyo ta ce an ga wani abu a kan titi can gaba, a jira masu kwance bam. Dama gonakin dabino ne, hagu fili fetal. Muka kashe inji. Zafi ya cika motar har sitiyari ba ya taɓuwa. Jirgin yana ta kewayawa.

Awa guda ta wuce, ba labari. Laminu ya duba agogo, ya dubi rana. Mutum ne da ba ya son azahar ta yi nisa. A sito ma a bayan kwalaye yake shimfiɗa kwali ya yi abarsa. Ya miƙa hannu zai ɗauki gora ɗaya.

Na riƙe masa hannu. Na ce ba mu san iyakar zaman nan ba, ruwan sha ne, ya yi taimama. Har da dariya na faɗa, na ce ga ƙasa nan Allah ya hore ta ko'ina. Ya harare ni, ya mayar da gorar.

Doka ta ce kada a sauka. Amma direbobi da yawa sun riga sun sauka sun yi fitsari a gindin taya, ba wanda ya ce musu uffan. Abin da ya sa Laminu bai tsaya kusa da mota ba ke nan. Ƙasar wurin duk fitsari ce da baƙin mai, taimama kuwa sai da ƙasa mai tsarki. Ya cire hular, don goshi ba ya kai ƙasa da ita. Ya cire rigar, don ba a iya ruku'u a cikinta. Ya ajiye su a kujera, ya sauka da farar singileti da wandon aiki. Ya yi gaba, ya wuce mota biyu, ya gangara gefen titi inda ƙasa take da kyau.

Ƙarfe biyu da minti ashirin da biyar. Ina kallonsa ta gilashi. Ya durƙusa. Ya share duwatsu da tafin hannu. Ya buga ƙasa, ya shafa fuska. Ya sake bugawa, ya shafa hannuwa. Duk yaron da ya tashi a gidan Musulmi ya san abin da yake yi. Wanda ke kallo daga sama kuwa abin da ya gani shi ne mutum baƙi, ba ƙyalle a jikinsa, a durƙushe a bakin titin da ake zargin bam, yana tonon ƙasa.

Ya miƙe ya kabbara. Ya yi ruku'u. Ya kai goshi ƙasa.

Ban ji tahowar abin ba. Haske na gani, sai gilashin gaba ya zubo mini a cinya. Kunnena ya toshe. Da ƙurar ta lafa, rami ne a wurin, hayaƙi yana tashi. Takalminsa ɗaya yana tsakiyar titi a tsaye, kamar an ajiye shi a ƙofar masallaci.

Sojojin rakiya ba su san daga sama abin ya zo ba. Sun ɗauka an far mana. Rediyo ta kaure da ihu. Motar sajan ta zabura ta yi gaba don ta buɗe hanya, ta hau kan bam ɗin da muka yi awa guda muna jira a zo a kwance shi. Wannan ƙarar na ji ta, har cikin haƙorana. Motar ta tashi ta faɗo a kife. Sai harbi ya ɓarke daga cikin dabinai. Ashe da ma akwai masu jiranmu.

Na buɗe ƙofa zan nufi ramin. Wani soja ya cafke ni ta wuyan riga ya tura ni ciki.

"Go! Go! Go!"

Na ce mutumina yana can. Bai ji ba, ko ya ji bai damu ba. Ya buga ƙofar da gindin bindiga. Motar bayana ta danna oda ba sassauci. Na ta da inji.

Na ratsa ta gefen motar da ke cin wuta. Ban duba ciki ba. Harsashi yana bugun bodi kamar ana jifan kwanon rufi da tsakuwa. Tayar baya ta fashe, na ci gaba a kan ƙarfe. Ƙofar Laminu a buɗe take, tana bugawa tana dawowa, hularsa tana gangarawa a ƙasan kujera. Haka na yi tafiyar minti arba'in. Jirgin yana biye da mu har ƙofar sansanin da za mu kai wa kaya, yana gadinmu.

Ƙarfe uku da kwata na kashe inji. Hannuna ya ƙi sakin sitiyari, sai da aka ɓamɓare yatsun.

Washegari aka kira ni ofis. Takardar da ke kan tebur ta ce sojoji uku sun mutu, an kashe maƙiyi ɗaya yana dasa bam, direba ɗaya ya ɓace. Na ce maƙiyin da direban mutum ɗaya ne. Na durƙusa a kan siminti na nuna musu yadda ake taimama, ina bugun ƙasa kamar mahaukaci. Wani jami'i ya tambaye ni me ya sa ya cire rigar. Ya rubuta amsata, ya ce za a bincika. Da aka koma wurin bayan kwana biyu, an riga an cike ramin, motoci suna wucewa a kai.

Bayan sati uku na sauka a Greensboro. A hanyar Summerfield an ɗaura ƙyallaye masu ruwan ɗorawa a jikin itatuwa saboda sajan, an karanta sunansa a talabijin tare da sauran biyun. Ba na jin haushinsa. Mutumin kirki ne, kuma don ya fitar da mu ya mutu. Haushina na waɗanda suka ga goshin mutum a ƙasa suka danna maɓalli ne, suka tashi suka tafi cin abinci. Har yau takardarsu tana cewa ya ɓace.

Mun yi masa sallah a masallaci ba gawa a gabanmu. Daga nan na tafi unguwar Glenwood, gidan da ya kama wa matarsa Rakiya. Na kai mata agogonsa na ajiya da tukunyar shayi da hoton Nafisa. Yarinyar ta karɓi hoton, ta tambayi uwarta da Turanci me ya sa akwai ƙura a jiki.

Rakiya ba ta yi kuka a gabana ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Yaya Sanusi, ya samu ya yi sallar?"

Na ce yana sujada.

Ta ce alhamdu lillahi, ta rufe fuska da mayafi. Ba ta tambayi dalilin da ya sa ya yi nisa da mota ba, ni ma ban faɗa ba. Shekara huɗu ke nan ina kai musu cefane ran Asabar, ban faɗa ba.

Gorar nan biyu da su na isa sansani. Suna nan a aljihun ƙofa, a cike, ban buɗe ko ɗaya ba.