Ba Malam Isiyaku Ne Ya Ɓata Injin Ba

Ina cikin motar haya ta danfo a hanyar Ilupeju da hantsi aka kira ni daga Agege, aka ce Malam Isiyaku ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauka, na tsallaka titi, na juyo.

Mun daɗe muna aiki ɗaki ɗaya. Shi ke kula da babbar kwamfutar kamfaninmu, irin wadda ake kira menfirem. Yakan ce mini, "Garba, kowane wawa zai iya kashe ta. Tayar da ita ne aiki." Akwai ƙunshin fayil da take karantawa kafin ta tashi, akwai kuma manhajar da ke haɗa ƙunshin. Duk abin da manhajar nan ta dogara da shi, Malam ya jera shi da biro a littafin 'yan makaranta.

Bara aka kawo sabon tsari. Masu yin sa sun cire wata 'yar manhaja da suka ga ta tsufa, alhali da ita ake haɗa ƙunshin. Malam ya duba littafinsa, ya shiga wurin oga, ina biye da shi.

"Ranka ya daɗe, manhajarmu za ta haɗa ƙunshi ba ƙorafi, amma fanko ne. Ranar da aka kashe injin nan, ba zai tashi ba."

Oga, wanda kwas ɗin mako biyu a Turai ya sauya wa lafazi har abada, ya ce, "Baba, waɗanda suka ƙera abin ba su gani ba, sai kai?"

Aka sa sabon tsarin, aka kashe injin, bai tashi ba. Malam ne ya tashe shi da tsohon ƙunshi da ya ɓoye a kaset. Da rahoto ya fito, sai ga "sakacin ma'aikaci", da sunan Malam a ƙasa. Aka yanka kek, aka yi masa ritaya. Ina wurin da aka karanta rahoton, ina da bakin magana, na duƙufa kallon takalmina. Da muka fito bai zarge ni ba. Cewa ya yi, "Ka riƙa sabunta kaset ɗin nan, don Allah."

A zaman makoki oga ya zo da babbar riga, ya yi jawabi kan riƙon amana. Bayan ya tafi, matar marigayin, Hajiya Rabi, ta aiko a kira ni bakin ƙofa.

"Malam Garba, ka gaya mini gaskiya. Yaran nan sun ji ana cewa ubansu ne ya ɓata wa kamfani inji. Shi kuma bai taɓa cewa komai ba."

Hajiya, abin da na faɗa miki a tsaye, ga shi a rubuce, ko da oga zai karanta: ba shi ya ɓata ba. Ya yi gargaɗi a gabana, aka yi masa dariya, ni kuma na yi shiru.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Hajiya haƙuri, ya raya 'ya'yansa su ɗauki sunansa kai a sama. Ni kuma Allah ya yafe mini shirun nan. Amin.