Barka da Ruwan da Na Yi wa Ammu Salim

Ranar Juma'ar farko bayan babbar Sallah, shekarar da na cika tara, Ammu Salim (Ammu shi ne baffa da Larabci) ya tsuguna a tsakar gidanmu a unguwar Khumra da ke Jidda, ya baje kwalin firji, ya zana mana ƙauyensu da guntun gawayi. Ba'indiye ne, kafinta a siton da ke bayan katangarmu, kuma duk Juma'a Baba kan jawo shi cin tuwo bayan an sauko daga masallaci. Sunan ƙauyen har yau harshena bai iya shi ba. Ya ce ɗan mitsitsi ne, kana iya zagaye shi kafin shayi ya huce, kuma babu mutumin da bai san sunan kakansa ba. Sai ya ja layi ɗaya: jirgin sama, jirgin ƙasa, sai wata tsohuwar bas da ke shiga sau ɗaya a yini ta kan ƙaramar gada. "Idan damina ta sauka," in ji shi da Larabcinsa mai karyewa, "kogi ya haɗiye gada, halas. Ba shiga, ba fita."

Ni da ƙannena biyu ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama, saboda haka ba makaranta, ba titi. Duniyarmu ita ce tsakar gidan nan, da igiyar shanya, da jarkokin da nake cikawa a tanki, da rugugin manyan motoci da muke ji ba ma gani. Kwalin nan sai ya zama garinmu. Da na gama taya Inna ƙulla yaji a leda, sai mu jera kujeru su zama bas, ni ce direba don na fi kowa baki, a tsiyaya ruwan buta ya zama kogi. Na haddace hanyar tsaf, alhali ko bakin tekun Jidda ban taɓa gani ba.

A wannan shekarar mahaifiyar Ammu ta kwanta ciwo. Yana so ya isa gida kafin ruwa, amma fasfonsa yana hannun kafilinsa, ubangidan da ya kawo shi aiki, shi kuwa kullum maganarsa ɗaya ce: "Bukra, inshallah." Gobe ta yi ta haihuwar gobe, Ammu yana ramewa muna kallo.

Wata Juma'a ya shigo ya ce wa Baba ruwa ya sauka a ƙauyensu. Inna ta jiyo daga kicin. 'Yar Damagaram ce, wadda ta tashi ana fita roƙon ruwa, a wurinta babu labari mai daɗi kamar wannan. Ta miƙo mini kwanon tuwo ta ce, "Yalla, kai masa, ki yi masa barka." Na je da rawar jiki na ce, "Mabruk Ammu, barka da ruwa. Inna ta ce Allah ya ƙaro." Ya dube ni, ya amsa da amin a hankali, ya rufe kwanon bai ci ba. A nan na tuna gadar. Ni da na fi kowa sanin hanyar, ni na yi masa addu'ar ta ƙara toshewa. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Da aka ba shi fasfon ya tafi, bas ta sauke shi a bakin kogi, ko masu kwalekwale sun ƙi shiga. Yana wannan gaɓar yana hangen bishiyoyin ƙauyensu aka binne mahaifiyarsa.

Yanzu ina aikin jinyar wata tsohuwa a wani bene a unguwar Safa a nan Jidda, kuma har yau ina jiran takardun da za su bar ni in ga Damagaram. Na ji an yi wa ƙauyen Ammu babbar gada da kwalta, gidaje sun ƙaru, motoci na shiga ko ana tsuga ruwa. Na yi murna, amma murnar ta zo a makare. Tun daga ranar ban ƙara yi wa baƙo barka da ruwa ba sai na tambayi ta ina ake shiga garinsu.